Ruwan Rijiyarmu Zuwa Teku

Gesheme

Tun kafin kiran assalatu na rataya gora a kafaɗa. Ruwan rijiyar gidanmu ne a ciki, an toshe bakin da kakin zuma. Baba ne ya aike ni. Lokacin da Turawa suka kwashe shi da ƙanensa Nomau zuwa yaƙi, Nomau ya rasu a jirgin ruwa yana roƙon ruwan gida, aka jefa gawarsa a teku. Yanzu Baba yana kwance, ƙafa ba ta taka ƙasa.

Ya ce, "Kai shi Gaya, ka zuba cikin Kwara, babban gulbi. Daga duwatsun Gini ta taho, ba ta tsayawa sai teku. Ita za ta kai mishi."

Junju

Jaki ya kawo ni nan da la'asar. Na kwana a rumfar wata mai fura, washegari na hau kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Direban ya ga yadda na rungume gorar, ya ce, "Malam, amarya ta?" Da na gaya masa dalili, sai ya sa ni gaba kusa da shi, kada buhu ya danne ta.

Yelu

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ana ta raɗe-raɗin 'yan tawaye, shinge ko'ina. Wajen azahar masu kaki suka sauke mu a rairayin kwarin Dallol. Wani saurayi cikinsu ya nuna gorar.

"Mi a ciki?"

"Ruwa na, ranka shi daɗe."

"Kana zuwa gulbi da ruwa? Mu za ka maida wawaye?"

Na ba shi labarin Nomau tun daga farko. Na ce ya buɗe ya sha. Ya girgiza ta a kunne, ya ce harsashi ake ɓoyewa haka, ya aje ta ƙasa, ya sauke mata gindin bindiga.

Rairayi ya shanye ruwan ina kallo. Abin da ke ƙona mini rai har yau, ba Bature ba ne. Hausarsa irin tamu ce sak, ta Arewa. Ko sannu bai ce ba, sai ya tura sakainar da takalmi yana neman harsashinsa.

Gaya

Na ga Kwara. Masunta na jan taru, mata na wanki, shanu na sha, shinkafa kore shar a gaɓa. Kowa na ɗiba, ba mai tambayarsa takarda. Ni da na zo bayarwa, hannuna wofi. Na jefa busasshiyar sakainar da na tsinto daga gorar, na juyo.

Gida

Ban ɓoye wa Baba komai ba. Ya ce, "Ina ya zube?"

"Cikin Dallol, kusa da Yelu."

"To, za shi kai. Dallol gulbi na, nutsewa ya yi ƙarƙashin ƙasa. Shi muke sha a rijiya, kuma Kwara ya nufa. Ni dai na so in rage mishi hanya. Nomau ya daɗe da ƙishirwa."

Bai ga damina ba.

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa mai fura da direba. Mai kaki kuwa, Baba ya yafe masa. Ni ban yafe ba.