Baba Nasidi da Bututun Maƙwabci

Ku gyara zama in ba ku labarin Baba Nasidi, mai wankin hula a unguwar Limancin Kona. A soron ƙasar da mahaifinsa ya gina aka haife shi, a nan ya yi furfura. Duk shekara kafin damina, da hannunsa yake yi wa katangar gidan yaɓe. Ka zage shi, zai iya ƙyale ka, amma kada ka kuskura ka jingina keke a katangar nan.

To, maƙwabcinsa Abubakar Siddiƙ, ma'aikacin gwamnati, ya rushe nasu ginin ƙasar ya yi na siminti. Tun ranar Baba ya daina amsa gaisuwarsa. Da sanyin ƙashi ya kama mahaifiyar Siddiƙu, sai ya sa mata hitar ruwan wanka, aka fito da wani siririn bututu ta baya. Hita na ɗaukar zafi sai ya fara ɗiga, daidai gindin katangar Baba.

"Kai Siddiƙu! Fitsarin me gidanka yake yi mini?"

"Baba, ruwa in ya yi zafi kumbura yake. Ga injin rijiya yana turo shi da ƙarfi, ba ya iya komawa baya. Dole ya samu mafita."

"Ya samu a tsakar gidanku mana!"

"Ka yi siminti kamar kowa, ka huta."

Karkatar da bututun fa ba wani aiki ba ne, amma Siddiƙu ya ƙi, don haushi. Baba ya tara gwangwani, in ya cika ya watsa musu a ƙofar gida. Siddiƙu ya shure gwangwanin. Mai unguwa ya yi sulhu har ya gaji.

Ran nan Baba ya fiƙe icen darbejiya, ya naɗe da leda, ya buga a bakin bututun da mabugi. Ɗiga ta tsaya. Ranar har fito aka ji yana yi.

Ai kuwa ruwan da aka hana hanya ya nemi wata. Wata safiya Siddiƙu yana ofis, tsohuwarsa ta tafi bikin suna unguwar Tukur-Tukur, shi Baba yana kasuwa, mahaɗar fayif ta fashe. Inji ya yi ta turowa, ruwa ya bi kwata ya taru a gindin katangar, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Kafin la'asar katanga ta durƙusa, da hulunan mutane da Baba ya shanya a kanta.

Siddiƙu ya zaro icen, ya nuna wa duk wanda ya zo jaje.

"Baba, ga ragowar bulo can, in kana so."

"Ka ajiye, a yi maka kabari da shi."

Har yau in ka bi lungun za ka same shi a tsugune yana dunƙula tubali, ya juya wa gidan siminti baya. Famfon Siddiƙu yana nan kusa, amma ruwan kwaɓa ƙasar daga rijiyar masallaci yake ɗaukowa, bokiti bokiti.