Takardar da Bobo Ya Nuna wa Baƙo

Gulnamo jikar mai rabon ruwa ce. A ƙauyenmu na kan duwatsun Tajikistan wannan ba ƙaramar magana ba ce, don kakanta, Bobo Dawlatsho, shi ke cewa yau gonar wane za ta sha, gobe ta wane, kuma shekara hamsin ba a taɓa ɗaga wa wani fartanya a kan ruwa ba. Ita kuwa shiru-shiru ce tun tana ƙarama, irin yaran da in babba na magana ko tari ba sa yi. Tana shekara ta uku a jami'a a Dushanbe, babban birninmu, aka tura ta Kopenhagen ta ƙasar Denmark zango ɗaya, cikin musayar ɗalibai.

Kai, yarinyar nan ta ga abin mamaki! Ranar da ta fara ganin teku sai da ta nemi wuri ta zauna. Amma malaminsu ne ya fi ɗaure mata kai. Dattijo ne ɗan shekara saba'in, ya rubuta littattafai har shida, ga shi a kan keke yake zuwa, ruwan sama na dukansa, kofin shayinsa ma da kansa yake wankewa. Ɗalibai kuma su buɗe baki su ce masa "Mogens", gatsau, kamar sa'ansu. Ranar farko da ya shigo aji Gulnamo ta miƙe tsaye, ita kaɗai, har shi malamin ya waiga yana neman babban baƙon da ya shigo.

"Zauna mana, kina tsammanin sarki ne?" in ji Signe, 'yar garin da suke ɗaki ɗaya, tana jan rigarta.

Jarrabawar ƙarshen zango ta baka ce. Kowa za a ba shi babi ɗaya daga littattafan fannin, ya tsaya gaban malam da wata malama daga waje, ya nuna raunin da ke ciki. Gulnamo sai aka ba ta babi na bakwai na littafin Mogens kansa, tunda a kan kwarinmu ya yi shi. Ta buɗe babin. Ga hoton Bobo yana da ƙuruciya, tsaye a bakin madatsa, riƙe da wata takarda.

Babin ya ce a ƙauyenmu da agogo ake rabon ruwa, kowane gida awa biyu, bisa takardar da ofishin gonar gwamnati ya rubuta. Wallahi ko jaki a garinmu ya san ba haka ba ne. Duwatsu uku ne kakanni suka kafa a gefen magudana. In inuwar tsauni ta taɓa na farko a juya ruwa zuwa unguwar sama, in ta taɓa na biyu a juya zuwa ta ƙasa, na uku kuma na lambuna ne. Shekarar fari, gonar gwauruwa da ta mara lafiya ke fara sha. Takardar nan a bango kawai take. Zamanin mulkin Tarayyar Sobiyat ne Mogens ya zo, da ɗan rakiya daga hukuma a gefensa, hukuma kuwa ba ta son jin tsohuwar hanya. Me kake so Bobo ya nuna masa?

Ta rubuta shafi huɗu na yabo ta kai wa malamin ya duba kafin ranar. Ya karanta, ya yi murmushi. "Na gode, amma wannan waƙar biki kika yi mini. In kika zo da ita jarrabawa, faɗuwa za ki yi."

In ta faɗi, zangon ya tashi a banza, sai ta maimaita shekara a Dushanbe. In ta faɗi gaskiya, ta kunyata malaminta a gaban baƙuwa, ta kuma mai da kakanta maƙaryaci. Bayan kwana biyu ta kai wa Signe kukanta.

"Ke dai kina da abin dariya," in ji Signe tana shafa man shanu a baƙin burodi. "Faɗa masa ya yi kuskure! Ni sau uku na gaya masa, ya mutu?"

"Ke ba ki da kunya ne, Signe."

"Eh, ba ni da ita, amma ina da maki."

Ta kira gida. Ta ambata wa Bobo baƙon da ya rubuta littafin. Sai ya ce, "Dogon nan da ya kasa naɗe ƙafa a kan shimfiɗa? Yana raye ashe. Ke 'yar nan, karatu aka tura ki, ba tonon tsohuwar magana ba." Ya miƙa wa mahaifiyarta wayar.

Ranar jarrabawa ta shiga da takardun yabonta a hannu, ba ta yanke shawara ba. Sai ta ga malamin ya gyara zama, ya zuba mata ido kamar mai jiran labari daga gida. Kunya ta kama ta, ta ga ba za ta iya ƙara masa wata ƙaryar a kan wadda kakanta ya yi masa ba. Ta kife takardun.

"Malam, ka gafarce ni. Mutumin da ke hoton nan kakana ne. Takardar da ya nuna maka ba a taɓa aiki da ita ba ko rana ɗaya."

Ta sunkuyar da kai tana jiran tsawa. Da ta ɗago, sai ta ga ya cire tabarau, fuskarsa ta washe kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi.

"To da me ake rabawa? Zo, zo, zana mini!"

Ya tashi daga kujerarsa ya miƙa mata alkalamin allo, ya koma kujerar ɗalibi ya buɗe littafin rubutu. In gajimare ya rufe rana fa? Wa ke tabbatar da wane ba shi da lafiya? Da rani inuwa ba ta sauya wuri? Jarrabawar minti ashirin ta kai awa guda, malamar waje ma ta manta da agogonta. Daga ƙarshe ya jawo littafinsa, ya buɗe babi na bakwai, ya ja masa layi daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi.

"Shekara talatin da biyar ina koyar da wannan," ya ce wa malamar, yana dariya. "Yau na sami wadda ta gyara mini."

Gulnamo ba ta taɓa sanin mutum zai iya girma har ya kai nan ba. An faɗa mata ta ci, da maki mafi girma, amma hankalinta ba ya wurin, sai a bakin Signe ta ji daga baya.

Tana fita ta tsaya a gindin wata bishiya, ta kira gida. "Bobo, na gaya masa."

"Ya yi fushi?"

"A'a, Bobo. Godiya ya yi. Ya ce in gaishe ka."

Sai tsohon da ba ta taɓa ganin hawayensa ba ya ce, cikin kuka, "Mutumin nan gurasata ya ci, kwana tara a gidana, na dubi idonsa na yi masa ƙarya. Ban taɓa mantawa ba. Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan, kin sauke mini."