Dokin Ƙofar Yaya

Yayana gyaran keke yake yi, amma duk unguwarmu ta bakin kogi Injiniya ake kiransa, kuma shi kaɗai ne bai san zolaya ba ce. Gidan da Baba ya bar mana yake zaune, ginin ƙasa, ɗaki uku da rijiya a tsakar gida. Ya rantse ruwa ba zai tashe shi daga nan ba. Duk wanda ya koma kan tudu, a wurinsa rago ne.

Shekarar da kogi ya fara leƙo masa tsakar gida, ya sayo bulo da siminti ya ɗaga dokin ƙofa. Damina ta zagayo, ruwa ya zo ya shinshina ya koma. Shi ke nan, kan Yaya ya kumbura! Tun daga nan kowace shekara sai ya ƙara layi ɗaya, ko kogi ya cika ko bai cika ba. Har makwararar da ruwan wanke-wanke ke fita ya toshe da siminti, wai kada kogi ya biyo ta nan.

Ƙofa ta koma taga. In za ka shiga sai ka tattare zani, ka hau, ka duƙa, ka dira kamar ɓarawo. Kekunan mutane ta saman katanga ake miƙa masa. Matarsa, baiwar Allah mai ciwon gwiwa, ta daina zuwa ko barka, gaisuwa ma daga ciki take aikowa.

Na ce, "Yaya, wannan gida ne ko kurkuku?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san ruwa ba. Jira ki gani."

Bara muka gani. Kogi ya yi cikar da ba mu taɓa gani ba, ya shiga gidan kowa. Yaya ya hau dokin ƙofarsa ya harɗe, yana kallon maƙwabta suna fita da katifu a ka, har yana yi musu sannu da aiki. Bai waiwaya ba sai da matarsa ta ƙwala ihu. Rijiya ce ta cika ta tumbatsa, masai ya taya ta, ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙasa har ya kai gwiwa. A baya ɗansu ya goyo ta ya tsallakar da ita.

Da kogi ya janye, kowa ya share laka ya shanya kayansa. Gidan Yaya kuwa yana nan cike fal kamar baho, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Na ɗauko guduma na je.

"Yaya, don girman Allah a fasa ko bulo biyu ne. Katangar ƙasa ce fa, tana shan ruwa."

Ya zauna daram a kan abinsa. "Ku fasa, mutanen unguwa su ce me? Da bokiti zan kwashe."

Ya kwasa kuwa, yana kwasa rijiya tana mayarwa. Wallahi na yi kuka, don a ɗakin kudu aka haife mu duka. Ɗakin nan ne ya fara rushewa, ya zauna a hankali, ko ƙara bai yi ba. Sauran suka bi shi kafin mako ya fita.

Na sami Yaya tsaye cikin tarin laka, ya rame, wando a naɗe. Babu abin da ya saura a tsaye sai ƙofar nan da simintinta, ko tsagewa ba ta yi ba. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai ya riga ni.

"Kin dai gani da idonki," in ji shi. "Ta ƙofa bai shigo ba."