Shahon da na zana a bayan tifa

Zanen mota wahala ce, ba wani daɗi a ciki. Rana ta dafa maka ƙeya, warin fenti ya cika maka ƙirji, in ka gama kuma mai mota ya ce idon zakin ya yi kama da na akuya.

Shekarun baya, lokacin ina da 'yar rumfa a Gyaɗi-Gyaɗi, abokina mai tifar yashi ya kawo min motarsa ya ce in yi mata duk abin da raina yake so. Ba a taɓa gaya min haka ba. Kullum sai dai a ce yi zaki, rubuta addu'a a ƙasa. Sai na zana shaho a ƙyauren baya, ya ware fukafukai, ya sunkuyo kan maciji. Na daɗe a kansa har matata ta fara tambaya ko a gareji zan tare. Tunda nake ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba.

Ban sa suna ba. Maigidan da ya koya min aiki cewa yake sa suna a jikin zane fariya ce, aiki mai kyau shi zai nemo mai shi. Ni da ban yi boko mai nisa ba, na riƙe maganar kamar karatu.

Shahon ya yi suna, ni ban yi ba. Daga Unguwa Uku har ramin yashi, mai shaho ake kiran motar. Da abokina ya sayar da ita ya koma ƙauye, sabon mai ita ya kai ta wajen wani mai fenti a Tarauni ya sabunta mata jiki. Mutumin bai taɓa shahon ba, sai dai ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a ƙasan macijin. Direbobi suka koma layi a wajensa, ni ina rumfa ina korar ƙuda.

Na je na same shi da maganar. Bai musa ba, har kujera ya ba ni.

"Malam, wuri na gani babu kowa a kai. Ni ma iyali gare ni."

Na tashi na fito. Direbobin da na gaya wa kuma suka ce in nawa ne ina sunana.

Yau in na tuna, ba ma haushinsa nake ji ba, gajiya ce kawai. Mutane ba sa tambayar wa ya sha rana, wanda suka gani a rubuce shi suka sani. Amma a ranar na koma gida ne da niyyar shafe lambar nan, duk abin da zai faru ya faru.

Washegari na ɗauki gwangwanin baƙin fenti na tafi unguwar Daurawa, inda ake kwanar da motar. Direban na can wajen mai shayi. Na durƙusa gaban lambar, sai idona ya faɗa kan fiffiken shahon na hagu: duwatsun hanya sun ɓare masa gashi, ƙarfe ya fito. Na tsoma buroshi na fara mayar da gashin ɗaya bayan ɗaya, ban ɗago ba sai da direba ya tada mota. Ta tafi da lambar yadda take. Na wanke buroshina da kananzir, na tafi neman koko.