Makara Biyu a Masallacin Unguwar Datti

A Unguwar Datti, can gabas da Ajingi inda rairayi yake haɗiye ƙafar jaki, an yi wani mutum da mata ba sa son jin sallamarsa. Sunansa Ɗantani, sana'arsa jinka da saƙar asabari. Ba mafaɗaci ba ne, bai kuma taɓa cin haƙƙin kowa ba. Laifinsa guda ne. Da zarar ya ji an ce wane ya kwanta jiki ya yi tsanani, sai ya nufi masallaci ya ɗauko makara a ka, ya zo ya jingine ta a ƙofar gidan, alhali mara lafiyan yana ciki yana numfashi. An zage shi, an watsa masa ruwan wanke-wanke, wata tsohuwa ta taɓa biyo shi da taɓarya har bakin rijiya. Bai daina ba. Masu zagin kuwa yawancinsu sun san dalilinsa sarai, tsoro ne kawai yake sa su manta.

Makarar nan shi ya ɗaure ta da hannunsa. Shekarar da aka samu mulkin kai mahaifinsa ya rasu, aka ɗauke shi a wata tsohuwar makara da gara ta gama da ita, tana ƙara tana lotsawa har bakin kushewa. Abin ya tsaya wa Ɗantani a rai. Da kaka ta yi ya taka har kasuwar Gaya ya sayo tukurwa busasshiya, ya murza igiyar rama da kansa, ya yi kwana uku yana ɗauri, ya kai masallaci sadaka. Ta fito shafal, mutum biyu sa ɗauke ta su yi sassarfa ba su ji a kafaɗa ba. Shi kuwa Ɗantani, Allah ya jiƙan rai, akwai son a yaba aikinsa. Ko a wajen jana'iza, ana salati ana hawaye, sai ka kama shi yana satar kallon ɗaurin ko ya saki.

Matarsa Gaji haihuwarta shida. Biyar duk ƙasa ta rufe su tun ba su yi wayo ba, wannan ƙyanda, wancan tari, waccan zazzaɓin damina. Da ta shida ta zo, aka raɗa mata suna Hindatu, amma daga ranar suna ba wanda ya ƙara kiranta da shi. Baiwa ake ce mata, wato kuyanga, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan wabi, wai don mutuwa ta ɗauka ba 'yar gata ba ce, ta raina ta ta wuce. Ɗantani ya riƙe wannan dabara da hannu biyu. Bai taɓa saya mata zane mai tsada ba, bai taɓa yabonta a gaban mutane ba. In an ce, "Kai, yarinyar nan taka ta yi tsawo," sai ya ɓata rai ya ce, "Wannan abar? Ci kawai ta iya." Amma in ya dawo daga jinka da yamma, ƙosan da ke ƙunshe a aljihunsa ba na kowa ba ne sai nata.

Haka ta kai shekara goma sha biyu, doguwa, mai surutu, mai tsayawa a gindin ɗaki uban yana sama ta ce, "Baba, wallahi ya karkace." Sau da yawa kuma da gaskiyarta.

A wancan zamani babu ɗakin shan magani a Unguwar Datti, babu a ƙauyukan da ke kewaye da ita. Mafi kusa yana wani gari a bakin hanyar mota, tsakanin Ajingi da Gaya, tafiyar awa huɗu ga mai ƙafa in bai ɗauko kaya ba. Ɗantani bai taɓa damuwa da wannan ba. Akwai wanzami, akwai rubutu, akwai saiwoyi, sauran kuma na Allah ne.

Bazarar shekarar da aka gama yaƙin basasa, zafi ya yi zafi, sanƙarau ya shigo ƙasar. Labari ya zo cewa an kakkafa rumfunan zana a bayan ɗakin shan maganin nan ana yi wa mutane allura, wanda aka kai da wuri yana tashi. Ran Talata da la'asar Baiwa ta dawo daga rijiya ta sauke tulu ta ce kanta zai tsage. Gari na wayewa wuyanta ya ƙage, bayanta ya sandare ya banƙare, ko hasken ƙofa ba ta son gani.

Kabo, maƙwabcin Ɗantani kuma abokinsa tun na ƙuruciya, shi ya fara zuwa da jaki. Aka ɗaga ta za a zaunar, ina! Jiki ya ƙi lanƙwasuwa. Aka sa ta a tabarma aka ɗaure bakin biyu a jikin sanda, da aka ɗaga tabarmar ta lotsa, yarinya ta yi wata ƙara da ta fito da matan unguwa daga gidajensu. Ƙofofin garin duk asabari ne da zana, gadaje na ƙasa ne. Abu guda ne a Unguwar Datti mai tsawo, mai shimfiɗa, marar nauyi, kuma kowa a tsakar gidan nan ya san shi. Lokacin hantsi ya fara ɗagawa.

Kabo ya ja shi gefe ya ce, "Ɗantani, ba don raina ya so ba. Mu ɗauko makarar masallaci. Ni da kai da mutum biyu, kafin azahar mun isa."

Ɗantani ya dube shi kamar ya mare shi. "Kabo, 'yata da ranta?"

Daga cikin ɗaki Gaji ta yi magana, ita da ba ta saba sa baki in maza na shawara ba. "Malam, ka ɗauko. Itace ne. Kai ka ɗaure shi."

"Rufe mini baki!" Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba tun aurensu.

Aka kira liman, Malam Tukur, dattijo mai sanyin magana. Ya ce shi dai bai ga inda littafi ya hana ba, ceton rai kuma yana gaba da komai. Ɗantani ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, na san ba haram ba ne. Amma shekara goma sha biyu ina ɓoye yarinyar nan. Ko sunanta ban yarda an kira ba. Yau kuma ni da hannuna in shimfiɗa ta a kan makara, in ratsa gari da ita kowa na gani? Ku ba ni ɗan lokaci. Ɗauri ai sana'ata ce, yanzu zan haɗa mata gado nata."

Kada wanda ya ce wauta ce zalla. Ƙauna ce ta rufe masa ido, ƙaunar da ta sha tsoro har ta gaji. Amma ciwon da ke wuyan Baiwa bai san wannan ba.

Ba shi da tukurwa a gida. Ya tumɓuke sandunan rumfarsa, biyu suka zo daidai, sauran gajeru ne, sai da ya shiga jeji ya saro ɗanyen marke. Igiyar da ke gare shi ba ta isa ba, aka jiƙa rama aka murza. Ya ɗaura, ya ga gefe guda ya karkace, ya kwance ya sake, don hannunsa bai iya aikin ha'inci ba ko a irin wannan rana. Kabo yana tsaye yana duban inuwa tana guduwa gindin katanga, yana cewa, "Ya isa haka, ya isa." Aka kira azahar yana ɗauri. Da aka ɗora Baiwa, Gaji ta lulluɓe ta da zane, rana ta riga ta karkata. Gadon ya yi kyau, ya kuma yi nauyin tsiya. Mutum huɗu ne a ƙarƙashinsa, ƙafa na nutsewa a rairayi, kowace 'yar tafiya sai an sauke an canja kafaɗa. Tun tana nishi suna ji, har ta koma sai numfashi.

Rana ta faɗi lokacin da suka hango rumfunan. Abin da Ɗantani ya fara gani shi ne makara uku jingine a jikin wata tsamiya. Ya ɗauka na fitar da gawa ne. Kabo ya tambayi wani mutum da ke zaune a wajen. Mutumin ya ce, "A'a, da su aka kawo marasa lafiya. Waccan ta tsakiya tamu ce, daga bayan Balan muka taso da ƙanena tun da safe. Ga shi can, har ya buɗe ido an ɗiga masa ruwa."

Malamin asibitin, Malam Abdulsalam, saurayi ne amma kwanakin nan sun tsofar da shi. Shi kaɗai ne a kan mutum fiye da sittin. Yana tsugune yana dafa allurai a wata 'yar tukunya. Ya taso ya ɗaga zanen, ya taɓa wuyan yarinyar, ya buɗe idonta, sannan ya ce:

"Baba, kwalbar allura ta ƙarshe na fasa bayan azahar. Na aika tun shekaranjiya, sun ce mota sai jibi, in ta zo."

Ɗantani ya ce, "Ɗana, ko rabi? Ko abin da ya rage a gindin kwalba?"

Malamin ya juye masa kwandon kwalabe a gabansa, duk wayam. Ya daka ƙwaya ya dama da ruwa, amma haƙoran Baiwa sun datse, abin da aka zuba ta gefen baki ta nan yake dawowa. Ya goge hannunsa ya tambaya, ba da faɗa ba, don dai ya rubuta a takarda.

"Yaushe wuyan ya ƙage?"

"Da asuba."

"Daga ina kuke?"

"Unguwar Datti."

"Ai da kun iso kafin azahar. Ina kuka tsaya?"

Kabo ya kawar da kai. Ɗantani ya dubi tafin hannunsa, duk kantar igiya ta fashe tana jini.

Baiwa ta kai washegari. Da hantsi, daidai lokacin da jiya ake gardama a kanta, ta cika. Uban ya sunkuya ya kira ta Hindatu, karo na farko tun ranar suna, tunda yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Suka juyo da ita gida a kan gadon da ya ɗaure don mai rai. Bayan an binne ta babu wanda ya yarda a ajiye gadon a gida, ai ya ɗauki gawa. Aka kai shi masallaci aka jingine kusa da makarar tukurwa. Daga ranar Unguwar Datti ta zama tana da makara biyu.

Gaji ba ta taɓa ce masa uffan a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Tana ba shi tuwo, tana yi masa sannu da zuwa, shi kuma in suka haɗa ido sai ya sunkuyar da kai.

Mutumin da bai taɓa damuwa da asibiti ba ya koma ba shi da zance sai shi. Ya addabi dagaci Bubayero, duk Juma'a yana zaurensa. "Ranka ya daɗe, a kai kukanmu gaba. Awa huɗu fa. In an je ma malami ɗaya ne, maganin kuma ya ƙare." Dagaci ya ce an kai, ana dubawa. Bayan shekara shida aka zo aka auna fili a bakin gari, aka ja gini har kan taga, magina suka tafi hutun salla ba su dawo ba. Ɗantani ya ce shi zai yi jinkar kyauta, aka ce ginin hukuma ba a rufa shi da ciyawa, sai kwano. Awaki suka samu wurin kwana.

Shi ya sa ya koma ga abin da yake hannunsa. Wasu in ya kai musu makarar sukan karɓa bayan an sha rigima, cikinsu akwai waɗanda suka dawo da ƙafarsu suka yi noma. Wasu sukan kore shi, bayan kwana biyu su aiko a ɗauko ta don ɗaya aikin. Duk wanda ya mutu bayan ya jingine ta a ƙofarsa, mata sai su ce shi ya kira. Gashin kansa ya yi fari, aikin jinka ya ja baya, don akwai gidajen da ba sa son ya hau musu ɗaki.

Shekara bakwai bayan Baiwa sanƙarau ya dawo. Wata safiya aka ce ɗan Maiwada, jikan Kabo, wuyansa ya ƙage. Ɗantani ya ɗauko makarar tukurwa, yana tafe yana haki, ya jingine ta a ƙofar gidan. Maiwada ɗan Kabo ya fito da sanda a hannu, idonsa jajur.

"Baba Ɗantani, don girman Allah ka ɗauke abin nan. Albarkacin mahaifina kake ci. Ɗana da ransa!"

Ɗantani bai matsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwar katanga, sannan ya dubi Maiwada.

"Tawa ma da ranta," ya ce. "Yanzu hantsi ne, Maiwada. Ni ma da hantsi aka faɗa mini."