Littattafai Uku a Ƙarƙashin Kujerar Adaidaita

Na shiga ajin yaƙi da jahilci furfura ta riga ta fito mini a gemu. Muna haɗuwa bayan la'asar a wata firamare a Tarauni, mu zauna a kan bencin da yara suka tashi. Malamarmu 'yar Kudancin Kaduna ce, mai haƙuri da mu. A bencina akwai wani maigadi da ke aiki a wani gida a Daurawa. Tare muka fara, kuma a lokacin na fi shi riƙe fensir.

Da shekara ta raba, sai Malama ta tafi ƙaro karatu Zariya. Ta ce aji ba zai mutu ba. Ta haɗa mu a guruf ɗaya a waya, kullum da safe ta turo darasi da muryarta, da hoton allo. Ta ce kowa ya yi aikinsa, ya ɗauki hotonsa ya turo. Wanda ta ga aikinsa ne kaɗai za ta rubuta sunansa ya wuce aji biyu.

Ni adaidaita nake tuƙawa, daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku. In fasinja ya yi wuya, sai in faka a inuwa, in saurari darasin sau uku, in ɗora littafi a cinya in rubuta. Ban taɓa tsallake rana ba. Amma ban taɓa turawa ba.

A ƙauyenmu, allo da hannu ake kai wa malami. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka biya, shi kuma ya ce ka je ka wanke. Sai na ga in jefa wa malama hoto daga bakin titi, ba sallama, ba gaisuwa, kamar mai miƙa canji ta taga, rashin tarbiyya ne. Na ce zan tara, ranar da ta dawo in kai mata da kaina.

Shi kuwa maigadi, yini yake a zaune a bakin get. Kafin in sauke fasinjan farko ya turo nasa. Malama ta amsa da murya, ta ce madalla Baba, rubutu ya yi kyau. Sai in buɗe hoton in ƙara masa girma da yatsu. Layinsa a karkace, haruffa suna hawa juna kamar awaki a mota. Nawa ya fi. Na san ya fi. Wata rana na saurari madallar nan har sau biyar, fasinja yana tambayata ko lafiya. Na daina bin ta layin gidan da yake gadi, don kada ya ɗaga mini hannu.

Ranar da Malama ta karanto sunayen masu wucewa, nawa babu. Ta ƙara da cewa tana jin direban adaidaita ya bar karatu, Allah ya sa lafiya.

Washegari maigadi ya tare ni a Gyadi-Gyadi, ya shigo baya ya zauna kamar fasinja. Ya fara tsokanata, wai ashe boko ya fi ƙarfin mai ƙafa uku. Na sauko daga mazaunina. Na ɗaga kujera na fito da littattafai uku, cike har bango. Ya daɗe yana buɗawa. Da na gaya masa dalilina, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kai da kake jiran ka durƙusa, ita tana can tana jin ka raina ta. Wata huɗu ko gaisuwa ba ka aika ba."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Na ji kunya ta rufe ni.

Wayata ba ta ɗaukar hoto mai kyau, don haka da tasa muka yi. Ina danne shafi, yana ɗauka. Muka shafe fiye da awa ɗaya a inuwar wata bishiya, masu tsayar da ni suna wucewa. A ƙarshe ya miƙo mini wayar ya ce in yi magana. Na cire takalmina a cikin adaidaita, ban san ma na yi ba, na yi sallama, na tambayi iyalinta da karatu, na ba ta haƙuri.

Bayan azahar amsa ta zo. Ta ce ta duba duka, ta sa sunana. Sannan ta ɗauki dogon lokaci tana yaba wa maigadi, wai kowa ya yi koyi da shi, ga ɗalibin da ke neman ɗan'uwansa.

Yanzu muna aji biyu, ni ma ina turawa kullum, da gaisuwa a gaba. Shi ne dai ke riga ni, don shi a zaune yake. Na gode masa, kuma ina bi ta layinsu. Amma littattafai uku na cika, shi guda da rabi, kuma madallar ranar nan shi ya tafi da ita.