Dattijo a Layin Masu Iri

A layin masu iri na kasuwar Funtua, wani dattijo yana ta dariya shi kaɗai. Hularsa ta yi masa yawa har ta rufe kunne. Ba gemu, ba gira, fuska sumul kamar ta jariri. Ga filasta a bayan hannunsa. Da alama daga asibiti yake, ko gida bai biya ba.

"Dajin huhu ne, ya yi nisa," yake gaya wa mai irin, kamar mai kawo albishir. "Magani biyu suka haɗa mini tashin farko, yadda muke haɗa kamfa da yuriya. Gwaji ne, Malam, ni ne gonar gwajin! Yau sun haska ƙirjin, abin ya ragu."

Ya ja dogon numfashi don a gani. Tari ya katse shi, dariya ta katse tarin.

Mai irin ya sunkuyar da kai, ya miƙo masara mai saurin nuna. "Baba, wannan ba ta daɗewa."

Dattijon ya ture ta da yatsa. "Na gane ka. Auno mini dawa farafara, wadda sai ƙarshen kaka. In Allah ya yarda, ni zan yanke ta."